Hannun Baba Harsashi

Yayana bai iya zama ba. Tun muna yara haka Allah ya yi shi. In ka ba shi kujera sai ya kifa ta ya duba ƙafarta, in ka ba shi shayi sai ya sha a tsaye yana leƙen titi. Yanzu gemunsa ya yi fari fat, amma har gobe in yana magana da kai ƙafarsa ɗaya tana waje. Gyaran fanka yake yi, da dutsen guga, da injin markaɗe, da duk wani tarkacen da ake jona wa wuta ya ƙi tashi. Ni kuma tela ce. Shagona da nasa falanki ɗaya ne ya raba su, siriri, ko tsaki ya ja sai na ji. Don haka in na ba ku labarinsa, ba a bakin wani na tsinta ba.

Hannunsa na hagu daga ƙasan gwiwa babu shi. Yana aiki a wata masana'antar gwangwani injin matse ƙarfe ya kama masa, lokacin 'yarsa tilo tana goye a bayan uwarta. A asibiti aka haɗa masa na ƙarfe. Ba hannu ba ne mai yatsu, ƙugiyoyi ne guda biyu masu lanƙwasa da suke haɗe baki kamar filaya, roba tana matse su. Daga jikinsu wata waya ta tashi, irin ta birkin keke, ta bi bayan hannun ta haura, ta ratsa gadon bayansa ta ƙare a wani madauri da yake ratayawa a kafaɗar dama. In ya miƙa hannun gaba, wayar ta ɗame, bakin ƙugiyar ya buɗe. In ya dawo da shi, roba ta rufe, ƙas! Ku riƙe wannan da kyau, don a nan duk rigimar take.

A wajen aiki kam ƙarfen ya biya shi. Da shi yake danne waya yana narka dalma, ba ƙuna ba komai. In wayar ta tsinke ba ya komawa asibiti, wajen mai gyaran keke yake zuwa ya karɓo ta birki ya ɗaura da kansa.

Abin da ya fi ƙona masa rai a shekarun farko ba ciwon ba ne, "sannu" ce. Mutum zai zo da fanka, ido ya sauka kan ƙugiyar, sai ya karkatar da kai ya sassauta murya, "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi." Sauƙin me? Mutum yana tsaye da ƙafarsa yana neman abincinsa! Wata rana yana jiran mota a bakin titi wata baiwar Allah ta ajiye masa sadaka a cinya. Wallahi da gudu ya bi ta ya mayar mata, ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Daga ranar ba wanda ya sake ganin abin da ke ƙarƙashin ƙarfen sai matarsa, Allah ya jiƙanta. Ita take wanke masa dungun, ta shafa mai, ta saka masa safa kafin ya ɗaura. Da ta rasu sai ya koma yi da kansa, ƙofa a kulle. Ni da muka fito ciki ɗaya, rabona da ganin wurin tun yana naɗe da bandeji. Duk rigunansa ni nake ɗinkawa, kuma duk masu dogon hannu ne, na hagun na ƙara masa faɗi, bayan kuma na ninka yadi a inda wayar take goga.

To, ana nan sai mai askin da ke tsallaken titi ya sayo ƙatuwar talabijin ya kafa a shagonsa. Daga safe har yamma fim, kuma yaran yanzu kun san irin wanda suke so. Jarumi zai rasa hannu a yaƙi, a kwantar da shi a wani ɗaki mai fitilu, a tashe shi da na ƙarfe. In bos ya tare shi sai ka ga hannun ya tsage, bindiga ta leƙo. Wani takobi ne ke fitowa, wani wuta, wani ma ƙafarsa ce take aman harsashi. Yaya ya fara tsallakawa wai zai duba wa mai aski fanka. Fankar nan an duba ta har ta gaji.

Ina jiyo shi daga shagona yana gardama da talabijin.

"Ƙarya ne wallahi! Ina yake ajiye harsashin, a gwiwar hannu? In da gaske ya harba wannan abu, kafaɗarsa sai an tsinto ta a bayan shago. Kuma ku duba, ko madauri babu. Da me yake buɗewa, da addu'a?"

Samari suna dariya, suna cewa Baba ka bari mu ji. Amma duk zagin nan ko fim ɗaya ba ya wuce shi. Wata rana ya dawo ya jingina da ƙofata, yana kaɗa ƙafa kamar kullum, ya ce, "Ke, kin lura da wani abu? Duk tsawon fim ɗin nan ba wanda ya ce wa mutumin sannu."

Na ce, "To ai kashe su yake yi, ina suka ga bakin sannu?"

Bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon ƙugiyarsa, ya buɗe ta ya rufe, ya koma shago.

Ba a jima ba yaran layin suka fara taruwa a bakin ƙofarsa in an taso daga makaranta, suna tura juna. Ƙarshe wata mai ƙarfin hali ta tambaya, "Baba, naka ma yana harbi?" Abin da mai hankali zai ce a nan ai sananne ne. Amma Yaya sai ya dubi dama, ya dubi hagu, ya sunkuyo ya rage murya ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Shi ke nan, magana ta ƙare. Kafin mako ya zagayo ya yanko bututun wata tsohuwar fanka mai tsayuwa ya ɗaure a gefen hannun. Ya ciro ɗan jan ƙwan fitila daga jikin dutsen guga ya liƙa a bakin bututun, da batir, da ɗan abin ƙara na motar wasan yara da ta lalace. Sannan ya ɗora gwangwanin madara a can saman kantar shagonsa, ya ɗaure shi da baƙin zare, zarena kuwa, wanda ya sata ina kallo, ya biyo da shi ta bayan kantar har ƙarƙashin ƙafarsa. In yara sun cika, sai ya ɗaure fuska ya miƙa hannun a hankali. Baki ya buɗe, jan ƙwai ya kama, ƙara ta tashi, ya fizgi zaren da ɗan yatsan ƙafa, gwangwani ya faɗo ƙwal! Yara su watse da ihu, can kuma su dawo suna roƙon a sake. Su suka raɗa masa Baba Harsashi, har manya suka ɗauka.

Na yi faɗa har na gaji. Na ce, "Tsofai-tsofai da kai, Yaya, kana wasan yara? Ka ji min mutum!"

Ya ce, "Ke dai taka kekenki."

Gaskiya guda zan faɗa, ko da ba ta yi min daɗi ba. Tafiyarsa ta sake. Mutumin da yake ɓoye hannun a bayan riga in zai tsallaka titi, sai ga shi yana kaɗa shi a rana yana walƙiya. Ba mai karkatar masa da kai kuma. Samarin shagon aski suna sara masa in ya shigo, shi kuma ya amsa da ƙugiyar, bakinsa har kunne. Tun rasuwar matarsa ban ga yana jin daɗin duniya haka ba, shi ya sa daga baya na ja bakina na yi shiru.

Sai 'yarsa ta bugo waya. Mijinta ya sami aiki a wata ƙasa mai nisan gaske, irin wadda sai an kwana a jirgi, ya riga ya yi gaba, ita kuma za ta bi shi da yarinyarsu. Kafin tafiyar tana so ta zo ta ɗan kwana biyu wajen mahaifinta. Yarinyar a can garin mijin aka haife ta, ba ta wuce shekara huɗu ba, kuma Yaya bai taɓa ɗaukarta ba. A waya kawai yake ganinta, fuska da fuska, yana kiranta 'Yar Firit don ƙanƙantarta.

Kai jama'a, ku zo ku ga rawar kai! Ya fenta ɗaki, ya sake fentawa wai kalar ta yi duhu. Ya haɗa mata 'yar ƙaramar fanka ya rufe ta da raga don kada ta sa yatsa. Ya shigo shagona ya fita ya fi a ƙirga yana tambayata ko yara masu wannan shekarun suna son katifa mai laushi ko mai tauri. Na ce, "Ka fita min daga haske, zan ɓata wa mutane ɗinki."

Ranar da suka iso, motar haya ta sauke su a gaban shagunanmu, don lungun gidansa mota ba ta shiga. Daidai tashin 'yan makaranta ne. Yarinyar ta sauko tana riƙe da gefen zanen uwarta, 'yar siririya mai manyan idanu, tana kallon kowa. Kafin a gama gaisawa yaran layi sun kewaye mu.

"Baba Harsashi, harba wa baƙuwa ta gani! Harba! Harba!"

Na ɗaga ido zan hana shi, amma ya riga ya juya. Ni na san abin da ke ransa. Abu mafi kyau da yake da shi, wanda duk yaran duniya suke so a wurinsa, shi zai ba jikarsa tun a ranar farko. Ya ɗaure fuska, ya miƙa hannu. Baki ya buɗe, jan ƙwai ya kama, ƙara ta tashi, gwangwani ya faɗo ya gangaro har gaban takalminta.

Yaran suka watse suna shewa. Ita ba ta gudu ba. Ta sandare a wurin, ido a waje, sannan ta tsandara wani ihu da har mai aski ya fito da almakashi a hannu. Ashe ita ma ta sha ganin irin finafinan nan a gidan maƙwabtansu, kuma a nata ganin mai irin wannan hannu ba jarumi ba ne, shi ne wanda yake zuwa ya kashe mutane.

Yaya ya rikice. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "A'a, a'a, wasa ne, zo nan, zo wajen Kaka." Ya miƙa hannuwa biyu zai rungume ta. To kun tuna abin da na ce ku riƙe. Yana miƙawa wayar ta ɗame, bakin ƙarfen ya wangale daidai fuskarta, jan ƙwan nan yana ci. Yarinya ta faɗa jikin uwarta tana shiɗewa, sai da aka shafa mata ruwa.

A ranar ya kwance bututun, ya fasa ƙwan, ya jefa gwangwanin a kwata. Bai yi amfani ba. In ya shigo ta ƙofa sai yarinyar ta fita ta taga in da hali. Ta ƙi kwana a ɗakin da ya fenta sai uwarta ta tura kujera a bayan ƙofa. Da rana uwar takan kawo ta shagona, ta shige ƙarƙashin teburin yanka ta zauna cikin ƙyallaye tana ɗaure wa 'yar tsanarta kallabi. Ta falankin nan kuwa komai ana ji. Da zarar Yaya ya kama wani abu, ƙas, sai in ga kafaɗunta sun ɗage, hannunta ya tsaya cak.

Shi kuma ya kasa aiki, ya kasa bari. Zai kwance fanka ya bar ta a warwatse, ya fito ya wuce ta gaban ƙofata kamar mai zuwa wani wuri, ya kai bakin kwata ya juyo, ya sake wucewa yana satar kallon ƙarƙashin teburin. Masu kaya suna zuwa suna komawa. Wani ya karɓi dutsen gugarsa ya dawo da shi wai yanzu ma ko ɗumi ba ya yi. Abincin da nake aika masa yana dawowa yadda ya tafi.

Ba irin dabarar da bai gwada ba. Ya sayo alawa ya maƙala a ƙugiyar don ta ga hannun ma yana kyauta. Yana miƙawa baki ya buɗe, alawa ta faɗi ƙasa, yarinya ta ƙwalla ƙara. Ya dawo ya miƙa da dama, ya ɓoye hagun a baya. Ta raɗa wa uwarta wai yana zuba harsashi ne. Ya tara yaran layi ya ce musu duk ƙarya ce, ya nuna musu zaren, ya nuna inda yake takawa. Suka dubi juna suna murmushi, babbar cikinsu ta ce, "Mun gane, Baba. An hana ka faɗa ne." Su ne kuma suke leƙowa shagona in na juya baya, suna ba ta labarin ɓarawon da ya harbe, har da nuna mata ramin da ke jikin katangar mai aski, ramin da kowa ya san ƙusa ce ta yi shi.

Abin da ya fi ba ni dariya da tausayi shi ne na roba. Tun a asibiti an haɗa masa da wani hannun ado mai yatsu biyar, wanda ba ya kama komai, ya jefa shi a akwati bai sake waiwaya ba. Sai ga shi ya tono shi ya ɗaura. Robar ta tsufa, ta koma fara sol, yatsun sun ɗan lanƙwashe, ko kusa ba kalar fatarsa ba. Ya shigo shagona da shi a ɗore kan ciki, yana murmushin da bai kai zuci ba. 'Yar Firit ta leƙo daga ƙarƙashin tebur, ta ƙura wa abin ido, ta jawo zanena ta ce, "Kaka, hannun wa ya cire?"

Allah na tuba, dariya ta kufce min. Da na ga fuskarsa kuma sai ta maƙale. Ya juya ya fita, na ji ya jefa abin a kwali, ya hau buga wata fanka da guduma, fankar da ba ta yi masa laifin komai ba.

'Yarsa ce ta fara faɗa masa, a hankali, kai a ƙasa. "Baba, da ka cire shi gaba ɗaya mana, ko na ɗan lokaci. Ƙarfen take tsoro, ba kai ba." Ya yi kamar bai ji ba, ya ɗauki sukudireba ya ce zai je ya duba wa mai aski fanka.

Ni ba 'yarsa ba ce, ba na magana kai a ƙasa. Ana jibi tafiya na kulle shagona da rana tsaka na shiga nasa na janyo ƙofa.

Na ce, "Yaya, kai wane irin mutum ne? Yarinyar nan jibi za ta tafi. Ka san inda za ta? Ka dubi gemunka. Kana da tabbacin za ka sake ganinta? Za ta girma a can, in an ce mata kakanki, abin da za ta tuna shi ne dodon da ya so ya harbe ta. Kwance ƙarfen nan ka ajiye!"

Yana ta jera ƙusoshi a kan tebur yana sake watsa su. Ya ce, "Kin san abin da ke ƙarƙashi?"

"Hannunka ne."

"Ba hannu ba ne. Wadda ta ga ƙarfe mai sheƙi ta shiɗe, in ta ga wannan fa? Tsoro ai da sauƙi. In ta ji ƙyamata fa?" Ya ɗaga murya. "Kuma sai in fito titin nan haka, kowa ya karkatar da kai yana ce min sannu? Na gama da wannan. Na sha wuya kafin na gama da wannan!"

Na ce, "To zauna da bindigarka. Ita za ta riƙa kiranka Kaka."

Na fita na buga masa ƙofa har falankin ya girgiza. Na koma kan kekena ina huci, na ɗinka wa wata mata wuyan riga a baibai sai da na farke. Haushinsa nake ji, kuma ina jin tausayinsa.

Washegari wajen azahar ina cikin aiki sai wani abu ya faɗo min a kan keke ta saman falanki. Rigarsa ce, shuɗiyar, wadda ya fi so. Daga can ɓangaren na ji muryarsa can ƙasa.

"Ki rage mata hannu."

Na ce, "Har ina?"

Ya ce, "Saman gwiwa."

Shekaru nawa ina ƙara wa hannun rigar nan faɗi, yau ga ni da almakashi. Na yanke, na kalmashe bakin, na goge ta, na mayar ta saman falankin. Aka ja ta daga can. Ko na gode bai ce ba, ni ma ban nema ba.

Ranar tafiya da safe motar haya ta zo ta tsaya a gaban shagunanmu. An loda akwatuna. Shagon Yaya a kulle. 'Yarsa ta ce ta ƙwanƙwasa masa ɗaki ya ce su yi gaba yana zuwa. Muka tsaya. Direba ya duba agogo, ya zagaya motar, ya daki taya, ya sake duba agogo, ya ce jirgi fa ba ya jiran kowa. 'Yarsa tana ta kallon bakin lungu, idonta ya kawo ruwa. Ni kuwa ina kaiwa ina komowa ina zaginsa a zuci, na ce wato ya sa ni na ɓata riga a banza. Ƙarshe ta ɗauki yarinyar ta shiga baya, ta ce, "Gwaggo, ki ce masa mun tafi. Ki ce ya yafe mana."

Sai ga shi ya ɓullo daga lungun, cikin shuɗiyar riga.

Babu madauri, babu waya, babu safa. Yana tafe kafaɗa ɗaya ta ɗan ɗage don ta saba da nauyin da yau babu. Dungun siriri ne, ya yi fari don bai san rana ba, bakinsa a tattare da tsohon ɗinki. Ni tela ce, na ce a raina likitan nan bai iya ƙarasa baki ba, sai kuma hawaye ya rufe min ido. Daga lungun zuwa motar ba wata tafiya ba ce, amma dole sai ya wuce ta gaban kowa. Yaran da ke shirin makaranta suka yi tsit. Samarin shagon aski suka fito ƙofa, ba wanda ya sara. Wata mai sayar da ruwa da ke zaune a gefen titi ta dafe ƙirji, ta karkatar da kai ta ce, "Wayyo, sannu Baba. Allah sarki, sannu."

Ya tsaya cak. Na ga muƙamuƙinsa yana motsi, na ce shi ke nan, zai juya. Sai ya ce, "Yawwa," ya ci gaba da tafiya.

Ya zo ƙofar motar ya durƙusa a kan ƙasa. Yarinyar ta riga ta cusa fuska a ƙirjin uwarta. Ya ce, "'Yar Firit." Ya miƙa hannuwa biyu, mai tsawo da gajere. Ba abin da ya buɗe, ba abin da ya yi ƙara. Ina jin shirun ne ya sa ta waigo.

Ta kalli fuskarsa, ta kalli wurin, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ina bindigar?"

"Babu bindiga. Ƙarya nake yi."

"Wa ya cire maka hannu?"

"Inji ne. Tun mamanki tana goye."

"Ka yi kuka?"

Yaya, wanda ba a tambayarsa komai bai mayar da shi wasa ba, ya ce, "Na yi."

Ta zame daga cinyar uwarta ta sauko. Ta miƙa ɗan yatsa ɗaya ta taɓa bakin ɗinkin, ta janye da sauri, ta sake taɓawa. Sannan ta kama dungun da hannu biyu, ta kumbura kumatu ta hura masa iska, fuuu, yadda uwarta take yi mata in ta faɗi. Ta ce, "To ya warke. Ka daina kuka."

Ya ɗauke ta da dama, ya tallafe bayanta da dungun, ya miƙe tsaye. Ta sa hannu tana jan gemunsa tana tambaya ko shi ma inji ne ya mayar da shi fari. Direba ya danna ham. Na juya na ce, "Malam, in ka sake taɓa abin nan sai na ɗinke maka hannu a jikin sitiyari!" Ya bari. Amma gaskiyarsa ce, lokaci ya ƙure. Duk zaman da yarinyar nan ta yi a gidan Yaya, abin da ya samu ke nan, 'yar tsayuwar nan a bakin mota. Ya sunkuya ya zaunar da ita da kansa, ya dafa kan 'yarsa, ya rufe ƙofa. Motar ta ja, ƙaramin hannu yana ɗagowa ta gilashin baya har suka sha kwana.

Ya tsaya a tsakiyar titi, gajeren hannun yana lanƙwashe yadda ya riƙe ta. Na ja shi da riga na shigar da shi shagona. Yayana da bai iya zama ba ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, bai kifa shi ba, bai kaɗa ƙafa ba. Wani ya leƙo da fanka a kafaɗa yana tambayar mai gyara, na ce ya dawo gobe.

Can ya ce, "Ashe tana da nauyi."

Na ce, "Ai kai ka ce mata firit."

Ya sa tafin damansa ya rufe bakin dungun. Ya ɗaga kai ya kalli fankar silin ɗina da take ta juyawa, wadda shi ya gyara min ita da hannunsa.

"Kashe fankar nan."

"Cikin wannan zafin, Yaya?"

"Kashe dai," ya ce. "Har yanzu ina jin wurin da ta hura."

Na tashi na kashe.